Kafin Hannu Ya Sauka a Gadon Baya

A Sakkwato mutane da yawa da gadon bayansu suke cin abinci. Ɗan dako a Kasuwar Kara yakan sunkuya mutum biyu su aza masa buhun gero, ya taka katako ya hau babbar mota, ya sauke ya dawo, tun hantsi har la'asar sakaliya. Ɗan kabu-kabu yana yini bisa babur tsakanin Mabera da Runjin Sambo, duk ramin da ya faɗa sai ƙugunsa ya amsa. Ɗan ga-ruwa yana tura kura cike da jarkoki. Manomin shinkafa a fadamar Kwalkwalawa yana duƙe cikin taɓo. Uwargida tana daka, tana wanki a tsugune, tana shara da guntuwar tsintsiya, ga goyo a baya. Har wanda bai ɗauki komai ba sai biro, ma'aikacin da ya yini kan kujera a sakatariya, yakan tashi dafe da kwankwaso.

Idan dare ya yi, maganin farko a cikin gida yake. Maigida ya kwanta rub da ciki bisa tabarma, ya ƙwala wa ƙaramin ɗansa kira: "Yaka nan, taka min bayan ga." Yaro ya dafa bango ya hau, ya riƙa takawa daga ƙugu zuwa kafaɗu har a ji wani wuri ya ce ƙas, maigida ya sauke ajiyar zuciya ya sa masa albarka. In ciwo ya ƙi ji, sai a nufi mai ɗori ko mai tausa, a shafa man shanu ko man zafi, a danna, a ja, a murɗa. Wasu masu aski ma sukan rufe aikinsu da kama kan mutum su fizga hagu da dama ba tare da an roƙe su ba. Sannan ga sabon salon da waya ta kawo: bidiyon TikTok da Facebook inda wani mai farar riga ke lanƙwasa majinyaci a kan gado, an kusanto da makirufo don ƙarar ta fito tar. Samari suna kallo, wasu har suna gwadawa a kan abokansu.

To, shin matsa da murɗar nan suna magani? An yi bincike a kansu fiye da yadda mutane ke zato, kuma amsar ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi gaba ɗaya ba. Suna rage ciwon baya, amma kaɗan, kuma na ɗan lokaci. Ba sa mayar da wani ƙashi mazauninsa. A wuya kuwa, amfaninsu bai kai a ɗauki kasadar fizga ba. Abin da ya fi waɗannan duka nauyi ga mutumin Sakkwato shi ne cewa ɗan amfanin da aka gani, a jikin marasa lafiyar da aka riga aka tantance aka gan shi, alhali a nan hannu yakan sauka a baya tun kafin a yi tambaya ko ɗaya.

Danna ƙashin baya da hannu tsohuwar sana'a ce. Likitocin Girka na dā sun bayyana yadda ake kwantar da mutum a ja shi ta kafaɗa da ƙafa a danne wurin da ya karkace, Ibnu Sina kuma, wanda ya rasu a 1037, ya kawo irin wannan a littafinsa Al-Ƙanun. Amma salon da ake gani a bidiyo daga Amurka ya fito. A 1874 wani likita mai suna Andrew Taylor Still ya fito da ra'ayin cewa gyaran ƙashi da hannu yana warkar da cututtuka, daga nan aka samu sana'ar ostiyofati. A 1895 kuma, a garin Davenport na jihar Iowa, Daniel David Palmer ya danna bayan wani mai kula da gini, Harvey Lillard, wanda ke fama da rashin ji, ya ce jinsa ya dawo. A kan wannan labari ya kafa sana'ar kairofirakti, har ya rubuta cewa kashi 95 cikin ɗari na cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke tasowa. Da'awar ba ta tsira ba. A 2010 hukumar da ke kula da masu sana'ar a Birtaniya da bakinta ta ce babu hujjar bincike da ke nuna irin wannan gocewa tana haddasa cuta. Da aka zubar da batun hawan jini da asma da kurumta, abin da ya rage a hannu shi ne ciwon baya da na wuya.

Nijeriya tana da nata kaso a tarihin. Farfesa Vincent Nwuga na jami'ar Ile-Ife, ɗaya daga cikin iyayen aikin fisiyo a ƙasar nan, ya wallafa littafi kan sarrafa ƙashin baya da hannu a 1976. A 1982 ya fitar da sakamakon gwajin da ya kwatanta aikin hannu da gashi da motsa jiki irin na asibiti, ya ga waɗanda aka yi wa aikin hannu sun fi saurin samun sassauci. Hanyar da ya fi shahara da ita dannawa ce a hankali ana saki, ana maimaitawa a kan gaɓa ɗaya. Aikin hannun dama iri biyu ne. Akwai fizga guda mai sauri, wadda ke kawo ƙara, wadda kafin majinyaci ya buɗe baki an gama. Akwai kuma lallaɓawa, wadda yake iya cewa a dakata a duk lokacin da ya ji ba daidai ba. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, zai yi amfani idan an zo maganar wuya.

Ƙarar ce ke ruɗin mutane. Mai ɗori zai ce, "Alhaji, ka ji ya koma," Alhaji kuwa da kunnensa ya ji, ba shi da dalilin musu. Sai dai ƙashi bai yi ƙara ba. A bayan kowane ƙashin gadon baya akwai ƙananan gaɓoɓi masu ruwa a cikinsu, irin na yatsun hannu. Idan aka buɗa gaɓar da sauri, iskar da ke narke cikin ruwan takan taru wuri ɗaya ta yi kumfa, wannan shi ne ƙas ɗin. A 2015 masu bincike a jami'ar Alberta ta Kanada sun sa yatsan mutum cikin na'urar hoton MRI suka ja shi, suka ga kumfan yana fitowa daidai lokacin ƙarar. Shi ya sa yatsan da ya yi ƙara ba ya sake yi sai an ɗan jima. Tun 1998 kuma wasu likitoci a Suwidin suka dasa ƙananan alamomi a ƙasusuwan ƙugun majinyata 10, suka ɗauki hoto kafin murɗa da bayanta. Masu murɗar sun shafa sun ce gaɓa ta daidaita. Hoto ya nuna ƙashi bai gusa ba. Ƙashin bayan da ya goce da gaske, irin na haɗarin mota a hanyar Gusau ko faɗowa daga bisa, babbar magana ce ta asibiti, kuma murɗa shi na iya tsinka laka. Sassaucin da ake ji bayan an danna baya gaskiya ne, amma bayanin da ya fi dacewa da bincike shi ne daga jijiyoyi yake zuwa: tsoka ta saki, saƙon ciwo ya ragu na ɗan lokaci, mutum ya samu ƙarfin halin motsawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, tana hasashen adadin zai kai miliyan 843 a 2050, kuma babu wata larura da ta fi shi kassara mutane a duniya. Wani nazari na 2018 da ya tattara binciken ƙasashen Afirka ya nuna a kowane lokaci kusan mutum 39 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna jin sa. A kusan kashi 90 na masu ciwon, ba a iya nuna ƙashi ko jijiya guda a ce ga mai laifi. Hoto ma ba ya raba gardama. A 2015 an tattara hotunan mutanen da bayansu lafiya lau yake, aka ga zaizayar faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa a kashi 37 na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Furfura ce ta cikin jiki, tana zuwa da shekaru ko da ciwo ko babu. Sabon ciwon baya kuma mafi yawansa yakan lafa sosai cikin mako shida, an yi magani ko ba a yi ba. Duk wanda ya taɓa mai ciwo a cikin makonnin nan, likita ne ko mai ɗori ko mai tallan garin magani, shi za a je a yi wa godiya. Shi ya sa shaidar "ni ma a wurinsa na warke" ba ta isa hujja ba, sai an raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a an kwatanta.

An yi hakan sau da dama. A 2017 mujallar JAMA ta Amurka ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan sabon ciwon ƙugu, wanda bai wuce mako shida ba. A gwaji 15 masu majinyata 1,711, murɗa ta rage ciwo da kusan maki 10 a ma'auni mai maki 100. Wato wanda ke jin ciwon 60 ya sauko kusan 50. Ya ji bambanci, amma bai tashi ya koma dako ba. A cikin wasu manyan rahotannin jinya, rabi zuwa kashi biyu cikin uku na majinyata sun yi ƙorafin ƙarin tsami ko sanƙarewa ko ciwon kai bayan an yi musu, wanda yakan wuce da kansa.

Ga daɗaɗɗen ciwo, wanda ya haura wata uku, mujallar BMJ ta Birtaniya ta fitar da nazari a 2019 mai gwaji 47 da majinyata 9,211. Murɗa ta yi kunnen doki da sauran hanyoyin da likitoci ke ba da shawara, musamman motsa jiki, wajen rage ciwo, ta ɗan ɗara su kaɗan wajen sauƙaƙa harkokin yau da kullum a makonnin farko. Babban gwajin da aka yi a Birtaniya a 2004 da majinyata 1,334 ya riga ya nuna irin wannan: a ma'aunin naƙasa mai maki 24, murɗa ta ƙara sauƙin maki 1.6 bayan wata uku, ya ragu zuwa maki 1 bayan shekara. Akwai ma sakamakon da ya fi wannan sanyaya gwiwa. A 2020 jami'ar Ohio ta raba matasa 162 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu gida uku: wasu aka yi musu fizga, wasu lallaɓawa, wasu kuma aka riƙa goga musu na'urar haske wadda ba ta aiki ba tare da sun sani ba. Bayan mako uku, dukkansu sun samu sauƙi, kuma babu rukunin da ya fi wani.

Wannan bai sa a raina aikin hannu ba. Ga ɗan dakon da in bai fita ba ba a ɗora tukunya a gidansa, ragin maki 10 na iya zama bambanci tsakanin kwana yana juyi da samun barci. Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince da shi a 2016, da sharaɗin a haɗa shi da motsa jiki, kada a yi shi shi kaɗai. Ƙungiyar likitocin Amurka ta sa shi cikin abubuwan da za a gwada kafin ƙwaya a 2017. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa shi tare da tausa da motsa jiki da wayar da kan majinyaci, ta kuma ce a guji bel ɗin ɗaure ƙugu, da jan baya da na'ura, da ƙwayoyi masu sa maye irin su taramol. Matsayinsa ke nan: ɗan taimako ne da ke buɗe wa mutum hanyar motsawa. Wanda aka ce masa sai ya zo sau talatin, ko ya riƙa zuwa kowane wata don kada ƙashi ya sake gocewa, kuɗinsa ake so.

A nan ne gizo ke saƙa. Duk gwaje-gwajen nan, kafin a shigar da mutum sai an yi masa tambayoyi an duba shi. Mai zazzaɓi, mai rama, mai tarihin ciwon daji, mai raunin ƙashi, wanda ƙafarsa ta fara mutuwa, duk gefe ake ajiye su. Mafi yawansu kuma a Turai da Amurka aka yi su, inda tarin fuka ya yi ƙaranci. Don haka idan aka ce murɗa ba ta cika yin mummunar illa ba, ana nufin a jikin wanda aka tabbatar ƙashinsa lafiya yake. Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu tarin fuka a duniya, kuma ƙwayar cutar ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Idan ta shiga ƙashi, kusan rabin lokuta gadon baya take zaɓa.

Likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana cutar tun 1779, kuma duk likitan ƙashi a Arewa ya san fuskarta. Takan fara da ciwon baya mai naci a wuri ɗaya, wanda hutu ba ya rage shi, da dare ma ya fi tsanani. Mutum ya riƙa jin zazzaɓi-zazzaɓi da yamma, ya tashi da asuba rigarsa sharkaf da gumi, abinci ya fita ransa, wando ya fara yi masa yawa. Sau da yawa ko tari babu, shi ya sa ba wanda ke kawo tarin fuka a ransa. A ciki kuwa ƙwayar tana cinye gaban ƙashi guda ko biyu, mugunya tana taruwa kusa da laka. In an daɗe, ƙashin ya rufta, wani ɗan tudu ya fito a tsakiyar baya. Wannan tudun shi ne abin tsoro, domin shi ne ainihin abin da ido zai gani a ce, "Ga ƙashin da ya goce nan, bari a danna shi ya koma." Danna ruɓaɓɓen ƙashi a kan laka na iya mayar da wanda ya zo da ƙafafunsa ya koma a kwance. Alhali da an gano da wuri, ƙwayoyin tarin fuka na watanni tara zuwa shekara sukan warkar da mafi yawan masu ita ba tare da tiyata ba.

Ba ita kaɗai ke ɓuya a bayan ciwon baya ba. A jihar da kiwo ya yi yawa, cutar da makiyaya ke kira bakkale tana shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, ko ta hannun mai taimakon dabba wajen haihuwa, kuma tana kama ƙashin ƙugu. Dattijon da fitsari ke yi masa gardama sannan baya ya ɗauki ciwo, dole a duba ko dajin mafitsara ne ya bazu zuwa ƙashi. Haka matar da ke da ƙullutu a nono. Tsohuwar da ƙashinta ya yi sakayau bayan ɗaukewar al'ada, da wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin sa ƙiba, da mai sikila, duk ƙashinsu na iya karyewa da dannawar da ba za ta yi wa saurayi komai ba. Ciwon ƙoda da tsakuwarta ma a kwiɓi da baya suke bayyana. Akwai kuma alamar da ba ta jiran gari ya waye: ƙafafu su yi nauyi, tsakanin cinyoyi ya mutu, fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuba, bayan gida ya kufce. Jijiyoyin ƙarshen laka ne aka matse, kuma awoyi ake ƙirgawa kafin illar ta zama ta dindindin. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, wadda ake kawo mata majinyata daga jihohin maƙwabta. Mai irin wannan alama can ya kamata a nufa da shi kai tsaye.

Abin da ke jinkirta mutane shi ne bayanin da aka saba ji. Daga lasifikar masu tallan magani a tasha har hirar majalisa, ciwon baya in ba a ce basir ba, a ce sanyi. Basir cuta ce ta gaske, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, har rubutu ya yi a kan maganinta cikin rubuce-rubucensa na ilmin likitanci. Amma a dubura take, ba ta cin ƙashin baya. Mutum ya share wata shida yana shan jiƙo yana zawo, ya koma wurin mai matsa ya ƙara wata uku, sai ƙafa ta fara ja da ƙasa a ɗauko shi a keke-napep. A lokacin likita ba ciwo yake yaƙi da shi ba, ƙoƙarin ceto sauran laka yake yi.

Wuya kuma lissafinsa daban ne, saboda halittarsa. Manyan jijiyoyin jini biyu da ke shayar da bayan ƙwaƙwalwa ta cikin ramukan ƙasusuwan wuya suke ratsawa, su yi kwana mai tsanani a gindin kai, daidai wurin da kusan rabin juyawar wuya ke faruwa. Fizga mai ƙarfi na iya yage bangon jijiyar ta ciki, jini ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, a samu shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa, sau da yawa a jikin matashi. Abu ne da ba ya yawan faruwa, masana kuma suna da saɓani a kan ko murɗar ce sila. Wani nazari na 2008 a lardin Ontario na Kanada ya duba mutum 818 da suka gamu da irin wannan shanyewa, ya ga 'yan ƙasa da shekara 45 a cikinsu sun fi sauran jama'a zuwa wurin mai murɗa gab da faruwar abin, amma haka kuma sun fi zuwa wurin likita. Fassarar da masu nazarin suka yi ita ce jijiyar ta riga ta fara yagewa, ita ta kawo ciwon wuya da na kai da ya sa mutum neman taimako. Masu sana'ar sukan riƙe wannan a matsayin wanke kai, amma in aka duba da kyau gargaɗi ne: cikin masu ciwon wuya akwai wanda jijiyarsa ta riga ta tsage, kuma ba a gane shi da shafawa. A 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a riƙa sanar da majinyaci wannan alaƙa kafin a murɗa masa wuya.

Da fizgar tana da wani amfani da babu shi a wani wuri, da sai a ce a auna. Ba ta da shi. Nazarin da ƙungiyar masu bincike ta Cochrane ta yi a 2015 ya nuna fizga da lallaɓawa sakamako ɗaya suke bayarwa a ciwon wuya. A 2012 kuma an raba mutum 272 masu ciwon wuya gida uku a jihar Minnesota: murɗa ta mako 12, ƙwayoyi, da motsa wuya a gida bayan zama biyu kacal na koyarwa. Murɗa ta fi ƙwaya, amma ba ta yi wa motsa jikin gida wata tazara ta a zo a gani ba. Idan abin da mutum zai yi a ɗakinsa kyauta ya kai shi inda fizga za ta kai shi, babu dalilin ɗaukar kasada komai ƙanƙantarta. Mai aski kuwa ba shi da hurumin taɓa wuyan kowa, kuma ba rashin kunya ba ne a ce masa, "Malam, bar min wuyan haka."

Adalci ne a faɗi abin da ke kai mutane wurin mai ɗori. Yana cikin unguwa, an san ubansa da kakansa da sana'ar, yana magana da harshen majinyaci, yana taɓa wurin da ke ciwo, yana yi masa addu'a, kuma abin da ya sauwaƙa ake ba shi. A asibitoci da dama kuwa mutum yakan kama layi tun asuba, ya ga likita na 'yan mintoci, a rubuta masa hoto da ƙwaya ba tare da an ce ya ɗaga riga ba. Sauraro da taɓawa suna rage ciwo. Wanda ya guje wa mai ɗori da asibiti duka kuma shagon kemis yake faɗawa, inda haɗarin ya fi yawa. Dikilofenak da ibufurofen na kullum suna cin ciki suna lalata ƙoda, musamman ga mai aikin ƙarfi cikin zafin bazarar Sakkwato da ba ya shan isasshen ruwa. Taramol kuwa da yawa daga ciwon jiki suka fara shi. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa umarnin likita ba. In aka ajiye wannan a gefe ɗaya, tausar da aka yi a hankali ga bayan da aka tantance ta fi alheri nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ɗorewa kuma an gwada shi a ƙasar Hausa. A 2023 likitocin fisiyo daga Kano sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 120 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu a karkarar jihar: wasu aka wayar musu da kai game da ciwon, wasu aka koya musu motsa tsokokin ciki da baya, wasu aka haɗa musu biyun. Duka sun samu sauƙi, waɗanda aka haɗa wa biyun kuma sun fi waɗanda aka yi wa bayani kaɗai. Ba na'ura, ba ƙara, ba ƙwaya mai tsada. Kwanciya da yawa kan ƙara sanƙarar da baya. Tafiya a ƙasa, komawa aiki sannu a hankali, da rage nauyin da ake ɗauka a lokaci guda su ne ginshiƙi, aikin hannu kuma ya shigo a matsayin mai rakiya na 'yan makonni. In an yi sau huɗu zuwa shida babu canji, a daina.

Doka ma ba ta bar sana'ar sakaka ba. Tun 1988 aka kafa hukumar rajistar masu aikin farfaɗo da gaɓoɓi ta ƙasa, kuma likitocin fisiyo da masu kairofirakti da ostiyofati duk a ƙarƙashinta suke. Wanda ya sa farar riga ya ce shi ƙwararren ƙashin baya ne, majinyaci yana da ikon tambayarsa lasisi. Masu ɗori na gado kuwa hana su aiki ba zai yiwu ba, kuma ba shi ne mafita ba. Abin da Ma'aikatar Lafiya ta jiha za ta iya yi, tare da sarakunan ɗori da masu unguwanni, shi ne ta zaunar da su da likitocin ƙashi na asibitin Wamakko da na Asibitin Ƙwararru, a koya musu alamomin da in sun gani za su janye hannu su tura mutum gaba, a kuma karɓi wanda suka turo da mutunci ba tare da an ci musu fuska ba. Sassan fisiyo kuma su kai ga manyan asibitocin ƙananan hukumomi, don kada mutumin Illela ko Tambuwal ya riƙa biyan mota zuwa birni don a koya masa motsa ƙugu ba.

Kai kuma mai karatu, in bayanka ya kama bayan ka ɗauki kaya, babu zazzaɓi, ƙafafu lafiya, fitsari lafiya, ka ci gaba da motsi, a tausa maka a hankali in kana so, ka ba shi mako shida. In ya wuce haka, ko yana tayar da kai cikin dare, ko kana ramewa, ko wani tudu ya fito a gadon baya, ko ƙafa ta fara nauyi, to kada ka yarda kowa ya danna ko ya murɗa sai likita ya duba. Ka faɗa masa da bakinka kana son a bincika ko tarin fuka ne. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.